Kurakuran da ake yi da 'yan kwangila wajen gyaran tsohon gida don sayarwa

Wanda ya sayi tsohon gida a Kano, a Gwammaja ko Fagge ko Kundila, da niyyar ya gyara ya sayar, sau da yawa ribarsa tana zurarewa ne tun ranar da ya yi jinga da ɗan kwangila, kafin a aza bulo ko ɗaya. Babban kuskuren shi ne yanke kuɗin aiki alhali ba a buɗe gidan an ga cikinsa ba. Fenti da silin suna rufe aibi mai yawa, kuma ɗan kwangilar da ya zagaya sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa bango ya ce, "Alhaji, ai wannan ƙaramin aiki ne," shi ne zai dawo bayan mako biyu ya ce gara ta cinye katakon rufi, bututun ƙarfe kuma ya yi tsatsa ya toshe. Ba lallai ne ƙarya yake yi ba, sai dai a lokacin an riga an yaye kwano, mai gida ba shi da sauran bakin ciniki. Abin da ya dace shi ne a fara biyan leburori su sauke silin, su kankare filasta a gindin bango inda danshi yake hawa, a buɗe sokawe, a sa mai wayarin ya gwada tsofaffin wayoyi, sannan a zauna a yi jinga a kan abin da ido ya gani. Idan aka tarar da tsagewar da ta taso daga harsashi ta yi sama a karkace, injiniyan gini ake kira, domin birkila cike ta zai yi da siminti, ta sake buɗewa bayan damina ɗaya.

Sai batun kafin alƙalami. Mutane suna jin nauyin rubuta yarjejeniya, musamman idan ɗan uwa ne ya kawo mai aikin, sai su miƙa rabin kuɗi a kan amana. Ɗan kwangilar da kuɗinsa ya riga aikinsa gaba yakan kwashe ma'aikata ya tafi wani wurin da ba a biya shi ba tukuna, a bar mai gida da kiran waya. Ya kamata a rubuta komai a gaban shaidu biyu, a ɗaure kowane biya da matakin da aka kammala, kamar rufi, wayarin da famfo, filasta, sannan fenti. Duk ƙarin aikin da ya taso a tsakiya a yanke kuɗinsa a rubuce kafin a taɓa shi.

Kayan aiki gara mai gida ya saya da kansa, ya biya kuɗin hannu daban. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma ƙirga buhunan da aka zazzage kowace yamma yana rage ɓacewarsu. Bulon da ya marmashe da an karce shi da ƙusa a mayar wa mai shi, rodi kuma a auna kaurinsa, domin ana kawo mai milimita 10 a madadin mai 12. Gaggawar kai gida kasuwa ita ma tana da illa: kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, yana kuma buƙatar ban ruwa na aƙalla kwana 7, balle a zafin bazara ko bushewar hunturu. Fentin da aka shafa a kan ɗanyen filasta kuwa ɓarewa yake yi tun mai saye bai tare ba.

Idan gyaran ya haɗa da ɗora bene ko fitar da shaguna a bakin titi, a nemi izinin hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, kada a dogara da ɗan kwangilar da ya ce ya san mutane a can, domin in hukuma ta shafa jan fenti a bango alamar an saɓa ƙa'ida, mai gida ne zai amsa.

Biyan ƙarshe ma ana yawan yin sakaci da shi. Gidan da aka gama a watan Maris ba a san lafiyar rufinsa ba sai ruwan Agusta ya sauka a kansa. Saboda haka a sanya a yarjejeniya cewa za a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin aiki har a yi ruwa mai ƙarfi. In kuwa sayarwa ba za ta jira damina ba, a hau da tiyo a yi ta kwarara ruwa a kan kwano da indararo, wani yana ciki yana duba silin, kafin a sallami ɗan kwangila.