Aikin sa kai a gidan kula da dabbobi a ƙasar waje: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

A nan Kaduna nakan haɗu da matasa, wasunsu ɗaliban likitancin dabbobi ne daga Zariya, wasu kuwa ƙaunar dabba ce kawai a ransu, suna shirin fita waje su yi mako uku ko wata biyu suna aikin sa kai a gidajen da ake tara karnuka, kyanwoyi, jakuna da dawakan da aka yasar ko aka wahalar. Niyyar mai kyau ce, amma yawancin tuntuɓen da ake yi tushensa ɗaya ne: mutum ya ɗauki tafiyar tamkar yawon buɗe ido da ɗan aikin lada a gefe, alhali aiki ne mai doka da haɗari, wanda rabin shirinsa tun daga gida ake gama shi.

Kuskuren farko tun a waya ake yin sa, wato amincewa da duk wani shafi na Facebook ko Instagram da ya nuna hoton dabba mai ban tausayi. Akwai gidaje na gaskiya masu dogon tarihi, irin su Battersea da aka kafa a Landan a 1860, da The Donkey Sanctuary da ke Sidmouth a Ingila, wadda aka kafa a 1969, da asibitin Brooke da aka buɗe a Alƙahira a 1934 domin dawakai da jakunan aiki, da Soi Dog a Phuket ta ƙasar Tailan. Akwai kuma 'yan damfara da ke karɓar "kuɗin rajista" su ɓace, har da masu alƙawarin cewa aikin sa kai zai zama hanyar samun takardar zama, wanda wannan shi ne tarkon da ya fi kama namu. Gyaran shi ne a nemi lambar rajistar ƙungiyar a duba ta a shafin hukumar da ke rajistar ƙungiyoyin agaji ta ƙasar, a rubuta musu ta adireshin da ke shafinsu na asali, a kuma nemi bayanin abin da kuɗin zai biya dalla-dalla. Biyan kuɗin masauki da abinci ba alamar cuta ba ce, domin ƙananan gidaje da yawa da shi suke tafiya. Alamar cuta ita ce a ce a tura kuɗi asusun wani mutum a cikin sa'a 24 ko a rasa gurbi.

Akwai wani nau'in da ya fi damfara muni, domin a nan dabbar ce ake cuta da hannun ɗan sa kai. Duk wurin da ke tallata rungumar ɗan zaki ko ba shi madara a kwalba, abin zargi ne. A Afirka ta Kudu an daɗe ana raba 'ya'yan zaki da iyayensu domin baƙi su biya kuɗi su yi wasa da su, in sun girma kuma a sayar da su ga masu harbi a cikin shinge, har sai da gwamnatin ƙasar ta sanar a 2021 cewa tana da niyyar kawo ƙarshen wannan kiwo. Gidan da ke kula da namun daji tsakani da Allah nesanta su yake yi da hannun mutane.

Sai batun takardu, inda ake yawan cewa, "Ai ba biya na za a yi ba, bizar ziyara ta isa." Ƙasashe da dama suna lissafa aikin sa kai a cikin aiki ko da babu albashi. A Birtaniya, alal misali, mai bizar ziyara yana iya yin aikin sa kai na kwana 30 ne kawai, kuma a ƙungiyar agaji mai rajista. Wanda zai wuce haka yana buƙatar bizar ma'aikacin agaji, wadda sai ƙungiyar ta ɗauki nauyinsa. Kowace ƙasa da nata tsarin, don haka kafin a hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja neman biza, a karanta sharuɗɗan a shafin ofishin jakadancin, a karɓi wasiƙar gayyata mai ɗauke da ranakun aiki, kuma a faɗa wa jami'in shige da fice gaskiyar abin da ya kawo mutum. A duba fasfo ma, domin ƙasashe da yawa suna so ya kasance da sauran wata shida a gaba. Katin rigakafin cutar shawara kuwa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda ya bari sai ana jibi tafiya ya makara. Sa'ar ita ce tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Sayen katin bogi ba tare da allura ba kuwa, kansa mutum ya cuta.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne raina ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma karnuka ne silar kashi 99 cikin 100 na kamuwar mutane. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Duk da haka sai ka ga saurayi ya kashe dubban ɗaruruwa a tikiti da sabuwar waya, ya ƙyale allurar rigakafin da ake yi kafin a fara hulɗa da dabbobi, wadda zuwa biyu ce kacal, ranar farko da rana ta bakwai. Ya kamata a gama ta a gida, a haɗa da ta tetanus, a riƙe shaidar a cikin jaka. Sai dai a nan ma akwai wani kuskuren, na wanda ya yi rigakafin ya zaci ya gama da asibiti. Idan kare ya cije shi, ko kyanwa ta yakushe shi, ko dabba ta lashi wani ciwo a jikinsa, wajibi ne ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya sanar da shugaban aiki nan take, ya je a ƙara masa allura biyu. Amfanin rigakafin farko shi ne ya rage yawan alluran, ya kuma ɗauke masa neman maganin nan mai tsada da ake tsirawa a bakin ciwon, wanda ba kowane gari ake samunsa ba. Mutanenmu suna da ɗabi'ar ɓoye cizo don kada a ce sun yi sakaci, ko su shafa toka ko man zafi su ce ƙaramin abu ne. Kunyar kwana ɗaya ba ta kai wannan ciwo ba. A tabbatar kuma inshorar tafiya ta ambaci aiki da dabbobi, domin wasu ba sa biyan raunin da aka samu a bakin irin wannan aiki.

Wanda ya tashi cikin awaki da tumaki, ko ya saba riƙe linzami a hawan sallah, yakan shiga da ƙarfin gwiwar cewa ya san dabba. Ya san dabbar gidansu, wadda ta san muryarsa. Karen da aka tsinto a titi bayan an sha jifansa wani abu ne dabam. Kaɗa wutsiya ba kullum ne maraba ba, kuma karen da ke lashe leɓe, yana hamma, yana kawar da kai ko ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, cewa yake yi a ba shi wuri. Ba a zuba masa ido, ba a sunkuyo ta kansa, ba a taɓa shi yana cin abinci. Ana tsayawa ne ta gefe a bar shi ya matso da kansa. Jakin da aka yi wa azaba yana shuri ba gargaɗi, don haka ba a ɓullo masa ta baya. Daka tsawa da ɗaga sanda, waɗanda a gida ba ma ganin su a bakin komai, suna iya sa a sallami mutum a ranar. Na fi so duk mai wannan niyya ya fara neman izinin yin 'yan kwanaki a wani asibitin dabbobi a nan Kaduna, ko a asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya ga yadda ake sa wa kare takunkumi da yadda ake naɗe kyanwa a tawul.

Tausayi ma yana kisa in babu sani. Ragowar abinci mai albasa ko tafarnuwa yana lalata jinin kare da kyanwa, cakulan da inabi guba ne ga kare, dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji, madarar shanu tana sa manyan kyanwoyi zawo, ƙwayar farasitamol guda kuwa tana iya kashe kyanwa. Kada a ba dabba komai sai abin da aka rubuta a katin kejinta.

Mafi yawan aikin kuma, gara a sani tun yanzu, shebur ne da tsintsiya da bokiti: kwashe kashi, wanke keji, wanke kwanuka, cire kaska. Wanda ya je da farar shadda da takalmin fita kunya zai sha mamaki. Tsofaffin kaya masu kauri da takalmin roba da safar hannu ake buƙata. Ƙetare kwanon maganin da ake tsoma takalmi a ƙofar ɗakin keɓewa babban laifi ne, domin ƙwayar cutar parvo, mai kashe 'yan kwikwiyo da amai da zawon jini, tana iya yin watanni a ƙasa, kuma a tafin takalmi take yawo. Makero yana tsallakowa daga kyanwa zuwa fatar mutum. Mace mai juna biyu kuma ta guji kwashe kashin kyanwa, saboda wata cuta da ke iya taɓa ɗan tayi.

Batun tsarki ya kamata a warware shi kafin a tashi, ba a tsakiyar keji ba. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, kare mai rai ba najasa ba ne, yawunsa ma haka, amma Shafi'iyya sun tsananta a kansa. Mutum ya tambayi malaminsa ya samu natsuwa, ya ware kayan aiki dabam da na salla, domin kashi da fitsari dai sai an wanke. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kare ba, ya nemi gidan jakuna da dawakai ko ɓangaren kyanwoyi, ya kuma faɗa tun a takardar neman gurbi. Haka lokutan salla, da Juma'a ko Lahadi, da abincin halal: masu tsara jadawali sun fi jin daɗin a gaya musu da wuri a kan su nemi mutum su rasa lokacin ba da abinci. Ɗan sa kai zai kuma tarar ana yi wa dabbobi fiɗiya don rage haihuwa, wani lokaci likita ya yanke shawarar yi wa wadda ciwonta ba ya warkewa allurar da za ta kashe ta. Baƙon mako biyu yana da damar tambaya cikin ladabi, amma ba shi da hurumin kafa majalisar muhawara ko watsa hotuna a intanet ba da izini ba.

A wajen haɗa kaya, kilishi da dambun nama su tsaya a gida idan Birtaniya ko Tarayyar Turai aka nufa, domin an hana shiga da nama daga nan. Magunguna irin su tramadol suna iya kai mutum kurkuku a Masar in babu takardar likita.

A ƙarshen zama wasu kan shaƙu da wata dabba su ce sai sun taho da ita, ba su lissafa izinin shigo da dabba Najeriya, da shaidar rigakafi da ta lafiya, da kuɗin jirgi, da zafin Kaduna a watan Maris ba. Sau da yawa barin kuɗin abincinta na wata shida ya fi mata amfani. Da an dawo, a wanke takalma da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a doshi turken gida, a ƙarasa duk allurar da aka fara a can a kan ranakunta, kuma in akwai cizo ko yakushin da aka ɓoye, a je wa likita da shi ko da ya warke, domin ciwon haukar kare yakan kwanta wata biyu zuwa uku a jiki kafin ya nuna kansa.