Darasi na 9: Furen da aka samu maganin sankara a cikinsa

Akwai wani ɗan fure da ake shukawa a gaban ofisoshi da gidaje don ado. Yawanci tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Ganyensa kore ne shar mai sheƙi, furensa fari ko ruwan hoda, mai kunne biyar. Da yawanmu mun sha wuce shi ba mu ko kalle shi ba. Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne, shi ya sa a Turance ake kiransa Madagascar periwinkle.

Mutanen Jamaika sun daɗe suna dafa ganyensa suna sha don ciwon suga. A 1952 aka aika ganyen Kanada don a gwada. Wani likita mai suna Robert Noble ya ba ɓeraye jiƙon, amma sugansu bai sauka ba. Da ya yi musu allurarsa sai fararen ƙwayoyin jininsu suka ragu ƙwarai, har cuta ta kashe su. Ana neman maganin suga, sai ga wani abu daban. A sankarar jini, ai waɗannan fararen ƙwayoyin ne ke hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. To, abin da ke rage su ba zai yi maganinta ba?

Noble da abokin aikinsa Charles Beer suka yi ta tace ganyen, har a 1958 suka ware sinadarin da ake kira binbilastin. Daga baya aka ware ɗan'uwansa binkiristin, wanda Amurka ta amince da shi a 1963. A jikin kwalba za ku ga an rubuta vincristine. Aikinsa shi ne hana ƙwayar sankara rabuwa biyu, ita kuwa da rabuwa take yaɗuwa. Yana cikin magungunan da ake haɗawa don sankarar jini ta yara, da sankarar nan mai kumbura muƙamuƙin yaro, wadda Dakta Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda, kuma ana ganinta a ƙasashenmu.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne mutane ke kuskure. Sai an tara kusan kilo 500 na busasshen ganye kafin a samu giram 1 na binbilastin. Kamar masu wankin zinariya ne, buhunan ƙasa su ba da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Wanda ya dafa ganyen a tukunya ƙasar ya sha, ba zinariyar ba. Ga shi kuma shukar tana da dafi. Ko tataccen ma ba a sha. Ta jijiya ake sa shi, bayan likita ya auna tsayi da nauyin mara lafiya. Duk da haka yakan sa yatsu su yi dindiris, ciki ya ɗaure, gashi ya zube. In ya zuba gefen jijiya, ƙona nama yake yi.

Ni ba na raina sassaƙe da saiwa, da su aka raine mu. Amma in kin ji ƙulli a mama, ko ka ga muƙamuƙin ɗanka yana kumbura, a je asibiti a wannan makon. In ana shan wani jiƙo, a tafi da shi a nuna wa likita, don wasu ganyaye suna ɓata aikin maganin asibiti ko su gajiyar da hanta.

Aikin gida: nemo wannan fure a unguwarku, ka ƙirga kunnuwansa, ka rubuta launinsa da inda ka gan shi a jimla biyu.