In aka tsallake ka a ƙarin girma, ga inda za ka faro

Wani ƙanena da ke aiki a wata ma'aikatar tarayya nan Sakkwato ya same ni bayan isha'i rai a ɓace, wai sun rubuta jarabawar ƙarin girma, sunaye sun fito babu nashi, wanda ya tarar da shi a ofis kuma ya haye. Yana zama ya ce "Yaya wallahi ƙabilanci ne." Na ce mai to ina takarda? Sai ya yi tsit.

Ba wai ba a yi ba ne, ana yi sosai, amma kafin ka ambaci ƙabila fara da duba ko ka ma isa. A ƙa'idar aikin tarayya lebul 6 zuwa ƙasa shekara 2 ne, lebul 7 zuwa 14 shekara 3, daga 15 zuwa sama 4. Sannan cin jarabawa daban, samun gurbi daban, kana iya ci a ce babu kujera a sashenku ka zauna jiran baɗi, wanga abu na da ciwo amma ba shi ne wariya ba.

In ka isa, tattara takardunka kaf: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girman ƙarshe, da fom ɗin auna ƙwazon aikinka na shekara-shekara, irin su APER, na shekarun da ake dubawa. Kowace ka yi fotokwafi ka aje gida, don fayil a rajista ƙafa gare shi, ranar da ake nemanshi ranar yake tafiya yawo. Sai ka rubuta koke ta hannun ogan sashenku, ka nemi a faɗa maka makinka da dalilin barinka, ka kai kwafi biyu a buga ma ɗaya hatimi da kwanan wata ka riƙe. Kar ka zagi kowa ciki, kar ka yi ta a guruf ɗin WhatsApp na ofis, kuwwa ce za ta dawo maka. Abin da zai yi maka aiki shi ne kwatance: wane lebul ɗinmu ɗaya, makina ya fi nashi, an ba shi an hana ni.

Doka kam tana nan. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna ma ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, asali, addini, jinsi ko ra'ayin siyasa. In ofis ya yi kunnen uwar shegu ka sanar da yuniyon, ka je Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, kyauta ne, in ta kama sai Kotun Ma'aikata. Amma ka ga lauya da wuri, don lauyoyin gwamnati na son fakewa da dokar nan da ta ce ƙarar jami'in gwamnati sai cikin wata 3 da faruwar abin, su ce ka makara.

Ita kanta jarabawar ana iya tuhumarta fa. A Amurka tun 1971 kotun ƙoli ta ce gwajin da ke zubar da baƙar fata kuma bai da alaƙa da aikin bai halatta ba. A 2009 kuma sai reshe ya juye da mujiya, tun 2004 birnin New Haven ya soke sakamakon jarabawar ƙarin girma ta 'yan kwana-kwana don ganin baƙaƙe ba za su samu gurbi ba, waɗanda suka ci suka kai ƙara, alƙalai 5 cikin 9 suka ce sokewar ma wariya ce. Don haka in ofishinku ya soke sakamako bayan an ga waɗanda suka ci, shi ma nemi dalili a rubuce.

Shi ƙanen nawa da ya rubuta, sai aka gano APER ɗinshi na shekara guda ko cikawa ba a yi ba, ogan lokacin ya yi ritaya ya koma Wurno. Can ya bi shi da fom ran Asabar.