Kurakuran da Ake Yi Wajen Cinikin Ɗakin Otal a Sakkwato

Duk wanda ya saba sauke baƙi a Sakkwato, na biki ne ko masu ziyarar Hubbaren Shehu, ya san ana taya ɗakin otal kamar yadda ake taya rago a Kara. Abin da ke ɓata mini rai shi ne mutane kuɗin kawai suke tayawa, ba sa tambayar me kuɗin ya saya.

Ni ma na faɗa ramin nan. Bikin ƙanwata ya faɗo a Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40. Na kama wa dangin ango ɗakuna uku, na matsa har aka rage mini N5,000 a kowanne, na fito ina jin daɗi. Ƙarfe goma sha biyun dare aka kashe babban janareta, aka kunna ƙarami wanda fanka kawai yake ja. Ƙanin mahaifin ango, dattijo mai hawan jini, a farfajiya ya shimfiɗa tabarma ya kwana. Da safe na gaishe shi, ya ce, “Ɗana, mun gode da ɗawainiya.” Bai ƙara komai ba, ni kuwa har yau kunyar ba ta sake ni ba. Da na koma wurin manaja, sai ya ce, “Ranka shi daɗe, ba ka tambaya ba.” Kuma gaskiyarsa.

Tun daga ranar ba na furta tayi sai na ji abu uku: ƙarfe nawa ake kashe janareta, ko yana jan na'urar sanyaya ɗaki, da kuma ko farashin ya haɗa da harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun 2020. Amsar kuma a rubuta mini ita a WhatsApp, don alkawarin baki yana tafiya da wanda ya tashi daga aiki.

Ƙananan kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Kar ka matsa wa yaron da ke karɓar baƙi, sau da yawa ba shi da ikon ragi, nemi manaja. Kar ka je neman sauƙi ranar bikin yaye ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗakuna sun cika. In kwana uku za ka yi, faɗa tun farko, nan ragi yake.

Sai maganar lambar rangwame, kuma nan zan yi faɗa. In otal ko manhajar kama ɗaki ta fitar da lamba ga kowa da kowa, yi amfani da ita, halalinka ce. Amma lambar da aka ware wa ma'aikatan wata ƙungiya, kai ba ma'aikacinsu ba, ka karɓa a waya ka ce kana cikinsu? Ko ka buɗe sabon asusu da lambar wayar matarka don ka sake cin rangwamen sabon shiga? Wannan ba wayo ba ne, ƙarya ce aka sayi sauƙi da ita. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ba a mudun gero kaɗai algus yake ba.

Wani abokina ya yi haka, yana ta alfahari. Da aka duba lissafi ƙarshen wata, yarinyar da ta shigar da lambar ba tare da ta nemi katin shaida ba, ita aka cire wa gibin a albashinta. Da labarin ya zo mini na ce masa, “Malam, kuɗin nan ba na otal ka ci ba, na 'yar mutane ne.” Sai da muka je tare ya mayar mata.