Yadda ake gina mutum mai fuska biyu a labarin Gotik

Labarin Gotik, wato labarin tsoffin gidaje, duhu da ɓoyayyen laifi wanda ya samo asali a Ingila a 1764, ya fi tayar da tsigar jiki idan alheri da sharri suna zaune a ƙirji ɗaya. Kuskuren sabon marubuci shi ne ya ware waliyyi gefe, shaiɗani gefe. Da ka yi haka tsoro ya gudu, domin mai karatu ya san wanda zai tsana tun shafin farko.

Fara da mutumin kirkin, ka ɗora masa wani kwaɗayi da yake jin kunyar a sani. A littafin marubuci Robert Louis Stevenson na 1886, Likita Jekyll da hannunsa ya haɗa maganin da ke mayar da shi wani mugun mutum mai suna Hyde, don ya biya buƙatar ransa ba tare da mutuncinsa ya zube a Landan ba. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Idan aljani ko tsautsayi ne ya jefa jaruminka cikin ɓarna, ka wanke shi ke nan, labarin kuma ya yi lami.

Sannan ka bar gini ya yi magana. Gidan Jekyll ƙofa biyu gare shi: ta gaba mai kyan gani, da ta baya wadda duk ta kwarzane, inda Hyde ke shiga. Alama ɗaya irin wannan ta isa. Idan ka tara madubi, inuwa da hoto a babi guda, sai abin ya zama wasan yara.

Ɓarnar ta riƙa hawa mataki-mataki. Hyde ya fara da tattake wata yarinya a titi, daga baya ya kashe dattijo da sanda. Tsakanin laifi da laifi, ka rage wa jarumin iko da kansa, kamar safiyar da Jekyll ya farka a siffar Hyde alhali bai sha komai ba. A nan ainihin firgicin yake.

Wa zai ba da labarin? Ka ɗauko na waje, kamar lauya Utterson, abokin Jekyll wanda ta idonsa ake bin labarin, mai gani amma bai gane ba. Stevenson ya riƙe asirin har babi na 9 cikin 10, sai a na ƙarshe ya bar Jekyll ya yi bayani da bakinsa. In ka tona da wuri, sauran shafukan jiran gawon shanu ne.