Yadda za ka kai yara garin da ka taso ba tare da kun wahala ba

Da farko, tun saura kwana uku ka fito da tsofaffin hotunanka ka nuna musu, ga makarantar da Baba ya yi, ga ƙofar gidanmu, in sun je sai su ji kamar sun san wajen.

Sai kaya. Ƙaramar jaka ɗaya ta zauna gefenka kar ta shiga but: ruwa, famfas, kayan canji kala biyu, leda saboda amai, parasitamol na yara da ORS (garin haɗa ruwan gishiri da sukari). Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowa.

In mota ce ku fita da sassafe suna magagin barci, duk bayan awa 2 a tsaya su miƙe ƙafa su yi fitsari ko da sun ce ba sa ji. In jirgi ne a ba jariri nono lokacin tashi da sauka, haɗiyar ce ke rage masa toshewar kunne.

Ranar da kuka isa a huta kawai.

Washegari ma wuri biyu ya isa wallahi, ɗaya da safe ɗaya da yamma, a bar musu barcin rana. Kuma kar ka sa rai da yawa, ni fa na tsaya gaban ajinmu na firamare ina ta zuba labari har idona ya ciko, ko da na waiga ashe ƙaramar 'yata tana can tsugune tana kallon tururuwa. Ka ɗauke su hoto daidai inda aka ɗauke ka a tsohon hoton nan, da sun fara rigima ku koma masauki.