Yadda Ake Tambayar Mace Abin da Kunya Ta Hana Ta Faɗa: Hanyar Farfesa Gail Wyatt

A 1986 wasu masana uku a Amurka suka tattara binciken da aka yi a kan yawan matan da aka yi lalata da su tun suna yara. Wani bincike ya ce mata 6 cikin 100, wani ya ce 62 cikin 100. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Yadda aka yi tambayar ne ya sha bamban, sai amsar ma ta bi sahu. Mai wannan adadi na 62 ɗin ita ce Gail Elizabeth Wyatt, kuma tana cikin ukun da suka yi tattarawar.

An haifi Wyatt a 1944 a Fort Worth ta jihar Teksas. Ta yi karatu a Jami'ar Fisk, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in baƙaƙen fata, ta sami digirin dakta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles (UCLA) a 1973, inda ta zama farfesa a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ita ce baƙar fata mace ta farko da ta karɓi lasisin aikin likitan halayyar ɗan'adam a Kalifoniya. Giɓin da ta tarar babba ne: shahararren rahoton Alfred Kinsey na 1953 a kan rayuwar jima'i ta mata an gina shi ne bisa bayanan farare 5,940, aka ajiye na baƙaƙe a gefe. Abin da ake faɗa game da baƙar mace a lokacin yawancinsa camfi ne da aka gada daga zamanin bauta, wai jarababbiya ce, wai ba a yi mata fyaɗe don ba ta ƙi. Wyatt ta ce a je a tambayi matan da bakinsu. Ga yadda ake yin aikin, ga ɗalibi mai rubuta kundi ko ma'aikaciyar lafiya ko ƙungiyar da ke son adadi na gaskiya.

Fara da yanke abin da ake ƙirgawa

Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, ku zauna ku rubuta ma'anar abin a takarda, da iyakokinsa. Wyatt ta sa iyakar shekaru: abin da ya faru kafin 18. Ta duba tazarar shekaru tsakanin yarinyar da wanda ya aikata, shekara biyar ita ce ma'auni. Idan tazarar ba ta kai haka ba, sai an sami tilasci ko rashin son ranta ake ƙirgawa. Sannan ta raba abin gida biyu, wanda aka taɓa jiki da wanda ba a taɓa ba, kamar nuna mata tsiraici ko neman ta da baki. Duka a haɗe ya ba da 62 cikin 100, na taɓa jiki kaɗai kuwa 45. Ku ma ku fitar da adadin biyu daban-daban a rahoto. In kun cakuɗa su, mai neman ƙaryata ku ya samu ƙofa, zai ce kun haɗa maganar banza a hanya da fyaɗe kun kira su abu ɗaya.

Waɗanda za a tambaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar matan da ke kusa, na layin asibiti ko 'yan ajin jami'a. Masu zuwa asibiti da matsala suka zo, 'yan jami'a kuwa ba su wakiltar gari. Wyatt ta nemi mata daga cikin gundumar Los Angeles ta hanyar buga lambobin waya da ka, har ta samu 248 masu shekara 18 zuwa 36: baƙaƙe 126, farare 122. Ta daidaita ɓangarorin biyu ta fuskar ilimi da aure da haihuwa, don kada a ɗora wa launin fata abin da talauci ko rashin karatu ya jawo. Sakamakon ya rushe zaton mutane da yawa, domin bambancin bai taka kara ya karya ba: 57 cikin 100 a baƙaƙe, 67 a farare.

Inda babu wayar gida sai a yi jerin gidaje a zaɓa da ƙuri'a. Mace ɗaya tak a kowane gida, kamar yadda ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2001 ta tanada. In aka tambayi biyu, ta biyun ta san abin da aka tambayi ta farko, sirri ya fasu ke nan. A gidan da ke da kishiyoyi wannan ba abin wasa ba ne.

Mai tambaya

Mace ce za ta tambayi mace, kuma 'yar jinsinta. Baƙa ta tambayi baƙa, fara ta tambayi fara. Wyatt tana da dalili: kimanin shekara goma kafin aikinta aka bankaɗo binciken Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bar ɗaruruwan baƙaƙen maza da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke cin jiki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A wajenmu daidaitawar ta shafi harshe da addini da shekaru. Budurwa 'yar 22 ba za ta zauna gaban uwar 'ya'ya shida ta tambaye ta kwanciyar aure a samu amsar kirki ba. Kada kuma mai tambayar ta zama 'yar unguwar, wadda gobe za su haɗu a gidan suna.

Horon da Wyatt ta ba matanta wata uku ne, ba bitar kwana biyu a otal ba. Me ake koyo duk tsawon wannan lokaci? Furta sunayen sassan jiki ba tare da dariya ko sunkuyar da kai ba. Riƙe fuska in an ji abin tashin hankali, domin “subhanallahi” ɗaya daga bakin mai tambaya ya isa ya rufe bakin mai magana har ƙarshen zama. Iya yin shiru, a bar mace ta yi kuka ta share hawaye ba a katse ta ba. Sai rubuta amsa iri ɗaya: a sa mutum biyu su rubuta hira guda, a gwada takardunsu, a riƙa maimaita wannan gwajin har a gama aikin, don hannu yakan sake bayan makonni.

Jerin tambayoyin, inda aikin yake

Takardar Wyatt tana da tambayoyi 478. Da ganin adadin mutum zai ce an yi yawa, amma tsawon ne ke gina yarda. An jera su bisa tafiyar rayuwa, daga yarinta zuwa balaga zuwa girma: wa ya rene ki, wa ya fara yi miki bayanin al'ada, yaya kika ji ranar da ta zo, sai samari, sai aure, sai haihuwa. Tambayoyin cin zarafi suna can wajen ƙarshe, lokacin da matan biyu suka shafe sa'o'i tare, baki ya saba da kalmomin.

Babban sirrin shi ne kada a tambaya da sunan laifin. “An taɓa yi miki fyaɗe?” tambaya ce da kusan kowace mace za ta ce a'a, ko don kalmar ta yi nauyi, ko don a ganinta fyaɗe sai baƙo ya tare mutum a lungu, abin da ɗan wan babanta ya yi mata tana 'yar tara kuwa ba ta taɓa sa masa suna ba. A bayyana aikin da kansa, ɗaya bayan ɗaya, tambayoyi da yawa a jere:

“Yaya, lokacin da kike ƙarama, akwai babban da ya taɓa buɗe miki tsiraicinsa?”

“Akwai wanda ya taɓa sa hannu a ƙirjinki ko gabanki, ko ya sa ki taɓa nasa?”

“Akwai wanda ya yi ƙoƙarin kwanciya da ke ba da son ranki ba, ko da bai samu yi ba?”

Kowace tambaya tana buɗe wata ƙofa ta tunani, shi ya sa binciken da ya yi tambaya ɗaya dunƙulalliya ya samu ƙaramin adadi, na Wyatt da na Diana Russell, wadda ta tambayi mata 930 a San Francisco ido da ido, suka samu babba. In ta ce e, a bi kowane lamari daban: tana shekara nawa, waye shi a wajenta, sau nawa, ta gaya wa wani, me aka ce mata. Sai a tambaya, “Ban da wannan, akwai wani?” har sai ta ce babu.

Kalmomin lulluɓe suna ɓata ƙirga. “Wasan banza”, “ya neme ni”, “ya ɓata ni”, kowace mace da abin da take nufi. A karɓi kalmar tata, a tambaya a hankali me ya faru a aikace, sannan a rubuta. Shekaru ma haka: da yawa ba su riƙe su da lamba ba, sai a auna da kafin fara al'ada ko bayanta, tana aji nawa, kafin aure da shekara nawa.

Wuri da lokaci

Hirar Wyatt takan ɗauki awa uku zuwa takwas, a wurin da matar ta zaɓa da kanta. Kada a tsara wa mai tambaya fiye da zama ɗaya a yini. A gaya wa matar tun farko cewa tana iya tsallake kowace tambaya, tana iya tashi duk lokacin da ta so. Ga mutanen gida kuwa, sunan aikin “binciken lafiyar mata”, ba ƙari. A riƙe wata takarda ta tambayoyin shayarwa da rigakafi a saman jaka. Uwar miji tana ɗaga labule, a juya zuwa gare ta ba tare da an canza murya ba. In ba a samu kaɗaici ba, a ɗage zaman. Suna ba ya hawa takardar amsa, lamba ce ke hawa, jerin da ya haɗa suna da lamba kuma yana wata ma'ajiya a kulle. Duk wannan bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya ba da izini a rubuce.

Bayan an rufe takarda

Ga mata da yawa wannan ne karon farko da maganar ta fito daga bakinsu. Wyatt ta gano baƙaƙen mata sun fi farare jinkirin faɗa wa kowa an yi musu fyaɗe, domin ba sa sa ran a yarda da su. Saboda haka ba a fara aikin sai an tanadi inda za a tura wadda ta nemi taimako, an je wurin, an san ranakun da suke buɗewa da ko ana biya. A arewacin Najeriya akwai irin su cibiyar Waraka a Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna. A ba kowace mace bayanin, har wadda ta ce ba abin da ya same ta, a 'yar ƙaramar takarda da ke ɗauke da wasu lambobin asibiti, don kada wanda ya tsince ta ya gane. Masu tambayar su ma a zauna da su kowane mako su sauke abin da suka ji, in ba haka ba za su fara tsallake tambayoyi masu nauyi ba su sani ba.

Adadin kuma ana son ya haifi aiki. Binciken Wyatt na 1992 ya nuna wadda aka ci zarafinta tana yarinya ta fi sauran shiga haɗarin a sake cin zarafinta da girma, sama da ninki biyu. Daga nan ta karkata zuwa ƙanjamau, tana cikin jagororin shirin Eban, kalmar harshen Akan na ƙasar Gana mai nufin shinge, na baƙaƙen mata da mazajensu ko abokan zamansu inda ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita. An ɗauki irin waɗannan mata 535 da mazansu a Atlanta da Los Angeles da New York da Philadelphia, aka raba su biyu da ƙuri'a. Rabi suka yi zama takwas na awa bibbiyu, mako-mako, a kan kare juna, rabi suka yi na kiwon lafiya gama-gari don a samu abin gwadawa. Sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna 'yan Eban sun fi amfani da kwaroron roba, amma yawan sababbin cututtukan sanyi bai bambanta tsakanin ɓangarorin ba, kuma haka aka rubuta shi a rahoton.